Ranar da na ƙidaya jikokin Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da shirun da ya sauka a tsakar gidan nan na Argungu ba. Yatsana na sama, na ce "goma sha tara", sai na ga matar da ke juya miya ta tsaya da ludayi a hannu. Masu hira suka ɗago kai gaba ɗaya. Na san na ɓata wani abu, amma wallahi ban san ko mene ne ba.

Bari in koma baya. Saura wata biyu bikina da Bashiru, sai matar yayansa ta haihu, aka ce in zo suna daga Birnin Kebbi don dangi su gan ni. Tun a tasha Innata ta ja mini kunne: in gaida kowa a durƙushe, in ci kaɗan, in kama bakina. Biyun farko na cika su tsaf.

Ana cikin hira sai Maman Chidi, wata 'yar kudu mai sayar da atamfa a unguwar Nasarawa, tsohuwar ƙawar gidan, ta tsokani mai jego.

"Ke kam ba kya hutawa? Bara ma na zo suna gidan nan."

Hajiya, mahaifiyar Bashiru, ta ce, "Hutun mi? Wanda ya ba da su shi ka ciyad da su."

Maman Chidi ta yi dariya. "Ke da fadan cocinmu bakinku ɗaya. Shi ma ya hana mu shan ƙwayar hana haihuwa, shi da ko matar ba ya da ita."

Aka kwashe da dariya. Da na yi dariyata na yi shiru, da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma ban daɗe da gama sakandare ba, kuma a darasin labarin ƙasa ba a taɓa wuce ni ba (ilimin yana cina kamar sabon takalmi, dole a ga na saya). Na gyara mayafi na fara bayani. Na ce malaminmu ya koya mana cewa a ƙasashen da aka riƙe addini da ƙarfi, Musulmi ne ko Kirista, an fi haihuwa, don suna ɗaukar ɗa kyautar Allah ce. Na ce a wasu ƙasashen Turai kuwa, inda zuwa coci ya ja baya, tsofaffi na ƙaruwa yara na raguwa. Har da cewa ba addini kaɗai ba ne, karatun mata da zaman birni ma suna da hannu.

Wata gwaggon Bashiru ta ce, "Amaryarmu ta sha boko."

Kaina ya kumbura. Na ce, "Ga misali ma a gidan nan." Na ɗaga yatsa na shiga nuna yaran da ke wasa ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, kamar mai kiran suna a aji. Na ƙare a kan wata 'yar shekara uku mai suna Ummi.

Hajiya ta dube ni a hankali. "Ɗiyan wa kike ƙidaya haka kamar buhunan albasa?"

Maman Chidi ta matso ta raɗa mini, "'Yata, ko a garinmu ba a yin wannan."

Sai a lokacin na tuna: ba a ƙidaya yara a gaban iyayensu, don tsoron baki. Kuma ko tubarkalla ban ce ba. Na shiga jero "tubarkalla masha Allah" sau uku a jere kamar mai ramuwar salla.

Washegari da safe, bayan na koma gida, Bashiru ya kira. Ummi ta tashi da zazzaɓi, an kai ta asibiti. Ya ce kada in damu, amma gwaggo ta fara magana. (In namiji ya ce kada ki damu, to ki zauna ki damu da kyau.) Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Ina ganin fuskar yarinyar, ina ganin yatsana, ina ganin an dawo karɓar lefe. A garin da aka sa wa mace suna mai baki, ko ɗan kaza ya mutu ita ce. Na je wurin malamar islamiyyarmu, ta ce baki gaskiya ne, in yi ta addu'a. Na fito tsorona ya ninka.

Rana ta uku Inna ta ce in sa hijabi mu je dubiya. Daga Birnin Kebbi har Argungu ina ta addu'a kai a sunkuye, direba ma sai da ya tambaya ko ni ce marar lafiyar. Mun isa bayan la'asar. Muna shiga na hango Ummi zaune a tabarma tana cin shinkafa da hannu biyu. Na zube gaban Hajiya ina ba da haƙuri, hawaye da majina duk a haɗe.

"Tashi," in ji ta. "Likita ya ce sauro na. Wa bai san sauron fadama ba in shinkafa ta yi ciki?" Ta kalli Innata tana murmushi. "Kuma ko baki na, na ɗiyarki bai kamawa. Ta sa ɗiyan maƙwabta ukku, ta ƙirga Sadiya sau biyu, waɗanda sunka tahi Augie ba ta ko gan su ba. Wagga ce ta hi kowa a makaranta?"

Har gwaggo sai da ta dara. Na share fuska, sanyi ya ratsa ni, bakina ya sake kuɓuce mini.

"To su nawa ne ke nan, Hajiya?"

Inna ta mintsine ni a cinya har na zabura.

Hajiya ta ce, "Alhamdulillahi. Adadinsu ke nan."

Ni dai na koyi lissafin gidan miji tun kafin in shiga: daga ɗaya sai alhamdulillahi.