Yadda Nomau Ya Maƙale a Birnin Rum

A Tsamiyar Dogo akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙato ne, ƙarfi gare shi kamar takarkari, bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, kuma bai san ana faɗin magana a nufi rabinta ba. Gidansa daga shi sai matarsa Hansai, sai akuya ɗaya. Hansai ta taɓa aikensa kasuwa ta ce kada ya dawo sai da gishiri. Aka yi rashin sa'a gishiri ya yanke, Nomau ya kwana uku a rumfar mai gishiri. Tun daga nan take auna magana kafin ta ba shi. Mutanen gari wawa suke ce masa. Ni dai ban ce ba, ku ji ku yanke hukunci.

Hansai tana da wa, Malam Sidi, tsohon malamin tarihi. Shekara bakwai ya yi yana rubuta wasan kwaikwayo na rediyo mai suna Injin Jiya, labarin wani malami da ya gyara injin niƙa ya koma yana ratsa zamani, ya sa masa kujera biyu, ya hau shi da direbansa suka faɗa Birnin Rum na shekara dubu biyu da suka wuce. Da ƙyar manajan ƙaramin gidan rediyon garin ya ba shi Juma'a huɗu, bayan la'asar, kai tsaye.

"Malam, Rumawa ba danginmu ba ne," in ji Manaja. "Idan masu sauraro ba su buga waya ba, filin nan na mai maganin basir ne."

Malam shi ne matafiyin. Mudi Tela, mai iya sauya murya, shi ne duk Rumawa. Saura mai yin ƙararraki, wanda kuma zai zama direban da ba ya magana. Hansai ta ce a ɗauki mijinta. Malam ya zaunar da shi ya ce, "Nomau, da zarar jar fitilar nan ta kama, ba ma Tsamiyar Dogo, muna Rum. Ba mai dawo da mutum gida sai injin." Nomau ya ce, "To, Malam."

Wata rana, Juma'ar farko ke nan, Malam ya ce masa, "Ka zo mana da ƙarar injin niƙa." A al'adar aikin, faifai ake gogawa a bakin tasa a samu ƙara. Ana saura kaɗan a fara sai ga Nomau ya turo injin unguwa sukutum a kura, mata bakwai na biye da shi da ƙoransu na dawa.

"Me ya kawo matan nan?" in ji Malam.

"Inji ba ya kuka da yunwa, Malam."

Lokaci ya ƙure, dole aka tada shi a bakin taga. Matan suka kaure da faɗan wa ta riga wa. Malam ya yi ta maza ya ce a makirfo, "Ga mu a kasuwar Rum!" Ranar mutum ɗaya ya buga waya, shi ma cewa ya yi ya ji muryar matarsa a Rum.

Wata rana aka zo inda babban kwamandan Rumawa zai shiga gidan wanka na birni. Malam ya ce, "In Mudi ya ce a zubo ruwa, sai ka zuba." Ga bokiti, ga baho a ajiye don a ji ƙarar. Mudi ya gyara murya, ya ce da ƙasaita, "Bayi, a zubo ruwa!" Nomau ya ɗaga bokitin ruwan randa ya juye masa a ka. Kwamandan da ya ci ƙasashe goma ya ƙwala ihu ya ce, "Wayyo Inna, sabuwar shaddata!" Malam ji ya yi kamar ya nutse. Nomau kuwa ya koma gefe ya harɗe hannu, ya gama aikinsa.

Wata rana Malam ya ce, "Gobe ina son takun sojan Rum da ya gaji. Su fa mil ashirin suke yi da kaya a baya, takalmansu da ƙusoshi." Tire ne da tsakuwa aka tanada, a riƙa dannawa da hannu. Nomau ya buga ƙusoshi a takalminsa na taya, ya saɓi buhun gero da asuba ya nausa. Da la'asar ya shigo ɗakin shiri yana jan ƙafa yana haki, ƙafafunsa duk sun kumbura. A nan kam ba wanda ya yi dariya. Ni da kunnena na ji takun nan a rediyo, sai da tausayin sojan ya kama ni. Amma waya biyu rak aka buga. Manaja ya leƙo ya ce, "Saura Juma'a ɗaya, Malam."

Wata rana, Juma'ar ƙarshe, labari ya kai inda sojoji suka biyo matafiya. Wani tsohon bawa mai suna Rufus, wanda ya ɓoye su a ɗakin ajiyar man zaitun, shi ya rako su wurin injin. A rubuce, za su tafi su bar shi a hannun sojoji, don Malam ya ce haka tarihi yake, ba ya ceton bayi. Kafin a fara, saboda tsoron kada Nomau ya yi gaggawa, Malam ya ce masa, "Kada ka tada inji sai kowa ya hau."

Jar fitila ta kama. Mudi ya yi muryar tsoho Rufus, tana rawa: "Ku tafi, 'ya'yana, ni na riga na tsufa." Malam ya ce, "Direba, tada inji!"

Inji bai tashi ba.

"Direba, tada inji!"

Nomau ya matso kusa da makirfo, garin duk yana ji, ya ce, "Malam, Baba Rufus bai hau ba."

Gumi ya karyo wa Malam. Ya ce, "Kujera biyu ce kawai!"

"Ka ce sai kowa ya hau. Shi ya ɓoye mu. In mun tafi kashe shi za su yi." Ya ɗan yi tunani. "To, Baba, zo ka hau tawa. Ni ina da ƙarfi, zan jira."

Ya kama hannun Mudi ya zaunar da shi a kan kujera, ya ja igiyar injin da ke bakin taga, inji ya ɗauka. Sa'an nan ya koma ƙuryar ɗaki ya tsuguna. Malam ya dubi takardunsa na shekara bakwai, babu wannan a ciki, kuma ya san ya fi abin da ke ciki. Hawaye ya hana shi rufe shirin.

Kafin fitila ta mutu waya ta fara ruri. Wani mahauci ya ce in ba a koma an ɗauko direban nan ba, ya daina jin tashar. Wata tsohuwa ta ce ta ajiye wa Baba Rufus fura. Manaja ya yi ta amsawa har kunnensa ya yi zafi. Da ya samu sarari ya shigo ya ce, "Nomau, ka yi ƙoƙari, tashi ka tafi gida."

"Ina Rum, ranka ya daɗe. Sai injin ya dawo."

Aka yi lallashi, aka yi barazana, ko gezau. Can sai ga Hansai da kwanon tuwo a kai. Ta dire shi gaban mijinta, ta juya ga Manaja.

"Mutumin da ya kwana uku a kan gishiri? Wallahi ko shekara ce zai yi. Ku kuka kai shi, ku za ku dawo mini da shi."

Manaja ya dubi wayar da ba ta daina ƙara ba, ya dubi ƙaton da ke tsugune. Ya ce, "Malam, je ka rubuta. Filin naka ne har ƙarshen shekara, kashi na biyar kuma gobe-goben nan, kafin mutumin nan ya tare mini a ofis."

Malam ya tsuguna gaban surukinsa ya riƙe hannunsa, ya ce, "Gobe zan zo in ɗauke ka, Nomau."

Nomau ya gutsuri tuwo ya ce, "To, Malam. Amma a ƙara kujeru. Na ji akwai sauran bayi a ɗakin man zaitun."