Takalmin Ƙanƙara a Ɗaurin Auren Nasiru

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Nasiru, ƙanin matata, ba. Ko ni na so in manta, mutanen Waziriyya ba za su yarda ba. Har gobe idan na shiga unguwar, akwai dattijan da sai sun kalli ƙafata kafin su kalli fuskata.

Bari in faro muku daga tushe. A lokacin ina aiki a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, ban daɗe da aure ba, muna zaune a unguwar Madain Fahd ni da matata Asma'u. Teburin da ke kusa da nawa na wani ɗan Labanan ne mai suna Fadi, mutumin kirki, sai dai bakinsa ba ya hutawa. Duk hunturu sai ya tafi gida ya dawo da hotuna: ga shi a saman dutse, ko'ina fari fat, ya ɗaura wasu dogayen abubuwa a ƙafa yana zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ni kuwa haifaffen Jidda ne. Ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin firij, sai wadda ake zuba wa kifi a kasuwa.

Wata rana na aro hotunan na kai gida. Asma'u ta duba ta ce, "Kai! Ko sau ɗaya dai mutum ya taɓa wannan abin da hannunsa." Ta faɗa ta tashi ta shiga kicin, ta ma manta. Ni kuma na ɗauki maganar tamkar wasiyya.

Albashina bai kai na masu tafiya hutu ba, don haka na zauna da Fadi muka tsara tafiya ta talaka. Ya ce mu bari sai cunkoson sabuwar shekara ya wuce, mu hau dutsen a tsakiyar mako, mu sayi tikitin jirgi tun da wuri. Otal kuwa babu zancensa, akwai gwaggonsa a wani ƙauye da ke gindin dutsen, tana ba da hayar ɗaki da arha har da karin kumallo. Kafilina ma, wato ubangidan da izinin zamana ke hannunsa, ya yi alkawarin sa mini hannu a takardar fita da dawowa. Komai ya tafi daidai har na tambaye shi kayan wasan.

"Haya ake yi a can, habibi," in ji shi. "Kada ka sayi komai. Ka ji ko? Komai."

Na ce na ji. Amma a raina na ce haya ai zubar da kuɗi ne, kuma Fadi bai san haraj ba. (Ga wanda bai san Jidda ba, haraj ita ce kasuwar gwanjo, inda za ka samu komai daga allura har ƙofar jirgin sama, in dai kana da haƙuri.) Ina da wani lissafi na musamman: kayan sanyi da zafi ake sayensu. Da tsakiyar bazara na shiga kasuwar ina gumi, na yi ta yawo har Allah ya haɗa ni da su a tsakanin wata karyayyiyar fanka da gadon jarirai. Takalma ne jajaye, masu tauri kamar bokiti, kowanne da maɗauran ƙarfe reras a gaba. Irin na hoton Fadi sak.

Mai kayan ya ce na 'yan kwana-kwana ne. Ban gyara masa ba, kada ya ƙara kuɗi. Ban gwada ba, don kunyar idon mutane. Na haɗa da wata safa mai kauri, na kawo gida na ɓoye a saman kabad, ina jin kaina wani gwanin tattali.

To, sai ranar ɗaurin aure ta zo. Alhamis ce. Asma'u tun safe ta tafi gidansu wajen mata. Ni kuma an ɗora mini nauyi babba: surukina, Alhaji Sani, ya zaɓe ni in zama ɗaya daga cikin shaidu. Ma'azun, wato malamin da hukuma ta ba izinin ɗaura aure, ba ya karɓar shaida sai da iƙama mai rai, wato katin izinin zama da bai ƙare ba, kuma a dangin ba kowa ne tasa ke da rai ba. Tun ana saura mako Alhaji yake ce mini, "Ɗana, kai na dogara da kai. Bayan La'asar, kada ka makara."

Na yi sallar La'asar, na sa farar doguwar rigata, tob, sabuwar guga, na fesa turare. Gida shiru, ba kowa. Na ɗaga kai zan ɗauki hula sai idona ya faɗa saman kabad. Wallahi ban san abin da ya shiga kaina ba. Na ce bari dai in gwada ƙafa ɗaya.

Na zura safar, na tura ƙafar dama. Ta ƙi. Na danna da ƙarfi har ta shige da wani irin sauti. Na rufe maɗauran, ƙas, ƙas, ƙas. Sannan (wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau) na ɗauko sandar mofa da ta tsintsiya, na ƙure na'urar sanyaya ɗaki, na tsaya gaban madubi na lanƙwasa gwiwa ina karkata hagu da dama kamar yadda Fadi yake yi. Na burge kaina ƙwarai.

Da na zo cirewa, maɗauran sama suka buɗe lafiya. Na wuyan ƙafa kuwa ina jan hannunsa sai ya ɓalle ya biyo ni. Tsatsa ta gama cinye shi. Na zauna da guntun ƙarfe a hannu ina kallonsa.

Babu abin da ban gwada ba. Wuƙa, cokali, sukudireba, man zaitun, har sabulun wanke kwanoni na tsiyaya a ciki. Na kwanta rigingine na tokare da ƙafar gado ina ja. Ƙafar sai ƙara kumbura take. Ina cikin haka wayata ta yi ƙara.

"Kana ina?" in ji Alhaji. "Ma'azun yana hanya. Yalla, mutane sun taru."

"Ga ni nan tafe, Baba."

Tuƙi ba zai yiwu ba, ƙafar dama ce. Na sa silifa a hagu, na sauko bene ina ƙwam, sululu, ƙwam, sululu, ɓari ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na tare tasi. Direban ya leƙo ya kalli ƙafar ya ce, "Mustashfa?" Wato asibiti. Na ce a'a, Waziriyya.

A cikin mota na shirya abin da zan faɗa. Gaskiya zan faɗa, a yi dariya, a nemo abin yankewa, shi ke nan an gama. Na ma maimaita jimlar a raina har ta zauna.

Ina saukowa a ƙofar gidan, wani kawun Asma'u ya hango ni ya riƙe baki. Tob ɗin ta rufe saman takalmin, hancinsa ja kawai ake gani, ga ni ina ɗingishi ina gumi.

"Subhanallahi! Salamat! Karaya ce? Sannu, sannu!"

Na buɗe baki zan faɗi jimlata. Abin da ya fito shi ne, "Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Samari biyu suka tallafe ni ta hammata. Na ce bari in tsaya a waje tunda ba zan iya cire takalmi in taka darduma ba, aka ce haba, mara lafiya ai ba a yi masa wannan. Kowa yana zaune a ƙasa, ni aka kawo mini kujera, aka sa mini matashi a ƙarƙashin ƙafar. Wani ya ce wannan sabon samfurin ɗorin asibiti ne, ya taɓa ganin irinsa a ƙafar wani ɗan ƙwallo. Aka tambaye ni garin yaya. Na ce matakala. Aka tambaye ni wane asibiti, na yi tari har aka ba ni ruwa.

Sai Alhaji ya taso ya dafa kafaɗata, ya juya ga jama'a.

"Ku dubi yaron nan. Da karaya a ƙafa ya taso, bai ko faɗa mini ba, don kada ya saɓa mini alkawari. Irin wannan ake ba 'ya."

Aka yi ta sa mini albarka. Ban taɓa jin addu'a ta yi mini nauyi irin na ranar ba. Na sunkuyar da kai, su kuma suka ɗauka kunyar suruki ce.

Da ma'azun ya iso a kan lokaci, da wataƙila na tsira. Amma cunkoso ya riƙe shi, labari kuma ya tsallaka ɓangaren mata. Ban ankara ba sai na ji muryar mahaifiyata, wadda ita ma ta zo bikin, a bakin ƙofar falo, ko takalmi babu a ƙafarta.

"Ina yake? Ina ɗan nawa? Ka karye ba ka gaya mini ba?"

Kuma a cikin baƙin akwai Malam Idi, wani tsohon maɗori daga unguwar Ammariyya, wanda rabin Hausawan Jidda sun taɓa kai masa targaɗe. Ya matso ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa takalmin da yatsa, ya dubi gumin da ke fuskata.

"Sun matse masa da yawa. Jini ba ya gudu. In aka bar shi haka yatsun za su mutu. A sassauta."

Na ce, "Malam, likita ya ce kada a taɓa."

Inna ta ce daga ƙofa, "Likitan ne ya haife ka? Malam, a buɗe!"

Aka aika gidan maƙwabci mai gyaran famfo aka karɓo almakashin ƙarfe. Mutum biyu suka riƙe ni wai kada in zabura saboda zafi, wani yana karanta mini addu'a a kunne. Aka datse maɗaurin. Malam Idi ya yi bisimilla ya zare takalmin a hankali, kamar mai ɗaukar jariri.

Ƙafata ta fito cikin koriyar safa mai zanen taurari, tana naso da man zaitun da kumfar sabulu.

Ya cire safar. Ya danna idon sawu. "Nan da zafi?" Na ce a'a. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, ya ja yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya shinshina hannunsa. Sannan ya ɗago ya kalli surukina.

"Alhaji, ƙafar nan ta fi tawa lafiya."

Alhaji ya sunkuya ya ɗauki takalmin, ya jujjuya shi, ya leƙa cikinsa.

"Ɗana, wannan mene ne?"

"Takalmin ƙanƙara ne, Baba."

"Na me?"

"Na zamiya... a kan ƙanƙara. A saman dutse."

Ya juya ya kalli taga. A waje rana ce irin wadda kwalta ke yin laushi. Ya sake kallona. Can bayan labule na ji wata dariya ta kuɓuce, aka yi saurin toshe ta. Ko cikin mata dubu na san dariyar Asma'u. Ita ta buɗe hanya, falon ya ɗauka gaba ɗaya, har ango yana riƙe ciki. Inna ta ce, "Ni da na baro takalmina a tsakar gida ina gudu! Allah ya shirye ka," ta juya ta tafi.

A daidai nan ma'azun ya yi sallama da jakarsa. Ya ga mutum a kan kujera, ƙafa ɗaya tsirara tana ƙyalli, ana share hawayen dariya. Aka raɗa masa abin da ya faru. Ya gyara tabarau ya dube ni, ya tambayi Alhaji da Larabci ko wannan ne mai shaidar.

Alhaji ya yi ajiyar zuciya. "Shi ne, ya Shaikh. Takardunsa dai lafiyarsu ƙalau."

Haka na sa hannu, ba na iya ɗaga ido.

Washegari na je na durƙusa na ba Alhaji haƙuri. Ya ce takalmi bai dame shi ba, kowa da irin shirmensa. "Abin da ya yi mini ciwo, ka bar ni na tsaya gaban mutane ina yabonka a kan abin da babu." Wannan maganar ta fi dariyar jiya zafi. Da zan fita ya kira ni, ya ce in dai da 'yarsa zan hau dutsen, to in bar ta ta riƙa ɗaura wa kanta takalmi.

Asma'u kuwa da na gaya mata dalili, sai da ta daina dariya. "Saboda ni? Ni fa magana ce kawai na yi." Ɗaya takalmin na kai wa Fadi ofis. Ya juya shi ya ce na mata ne, kuma tun yana yaro aka daina yin irinsa.

Mun dai je da hunturun, mun sauka gidan gwaggon Fadi, mun yi hayar kaya kamar kowa. Asma'u ta kama abin da wuri, ni kuma yawancin zamiyata a zaune na yi ta. Da muka dawo na tarar dangi sun riga sun raɗa mini suna, Abu Talj, wato uban ƙanƙara, kuma 'ya'yan Nasiru har yau ba su san ina da wani sunan ba.

Abin da na koya bai da yawa. Idan aka yi maka sannun da ba taka ba, ka mayar da ita nan take tun kana tsaye a ƙofa. Sannu ta biyu da kujera da matashi take zuwa, kuma wanda aka ɗora a wannan kujerar ba ya sauka da kansa, sai an sauke shi a gaban jama'a.