Yadda Za Ka Ɗauke Hankalin Surukinka Bayan Ka Kwafsa Masa Aski

Ɗan'uwa mai aski, kwantar da hankalinka. Mahaifin yarinyar da kake nema ne a kujerarka, inji ya zaftare masa ƙeya, ga fili nan fetal kamar tafin hannu. Bai sani ba tukuna. Bi matakan nan, na yi maka alkawari zai fita yana sa maka albarka.

1. Haɗiye salatin

Kada ka kuskura ka ce "Kash!" Gwani ba ya mamaki a bayan kan mutum. Gyaɗa kai, kamar dama haka ka tsara.

2. Juya kujerar

Sa shi ya ba madubi baya. "Baba, ta nan fanka ta fi kaɗawa." Ƙaramin madubin duba ƙeya kuwa, cusa shi ƙarƙashin tawul. In ya tambaya, tun jiya ya fashe.

3. Sosa masa inda ke ƙaiƙayi

'Yan koyo ne ke ba da labari, alhali mai sauraro idonsa yawo yake yi. Shi za ka sa ya yi magana. "Baba, wai da gaske a zamaninku sai kun tsallake kogi kuke zuwa makaranta?"

Shi ke nan, ka kunna rediyo. Naka kawai "Ikon Allah!" da "Sai aka yi yaya?"

4. Tsare hannunsa

Dattijo ba ya rabo da shafa ƙeya. Da ka ga hannun ya nufi sama, yi maza: "Baba, kogin nan faɗinsa kamar yaya?" Dole ya ware hannu biyu.

5. Kada kai ma ka nutse

Na sani, wajen da wani kada ya biyo su a kogin akwai daɗi. Amma injin na aiki, kuma saura gemu.

6. Sallama

Zambaɗa hoda. Ɗora masa hularsa da hannunka, har da rusunawa. In ka ji ya ce, "Yaron nan akwai natsuwa, gobe ka zo gida in ƙarasa maka," ka ci nasara.

Gargaɗi

Alkawarina iyakarsa bakin ƙofar shago. Ba a kwana da hula. Wadda za ta fara ganin ƙeyar nan kuwa, ita ce da safe ta ce, "Baba, don Allah je ka gwada shi, duk garin nan babu mai hannunsa." Abin da za ka gaya mata, babu ruwana. Ni ko a hanya ban san ka ba.