Gaisuwar da Ta Jefa Lori a Rafi

Ba zan taɓa mantawa da hawan nan na shiga Doguwa ba, ko da yake na yi iyakar ƙoƙarina. Shekaru kaɗan ne kafin mulkin kai, ina da arba'in da biyu a duniya, na ajiye allin koyarwa a elementaren Bebeji na ce tuƙin lori zan koya. (In ka tambaye ni dalili zan ce iyali sun yi yawa. Gaskiya kuwa, tun ranar da na ga direba ya sauko a kasuwa mutane na darewa, aji ya fita raina.)

A lokacin, ba a kaiwa ga sitiyari sai ta hanyar zama karen mota. Wanda ya yarda ya ɗauke ni kuwa Haruna ne, mutumin Kiru, wanda da hannuna na koya wa baƙi da wasali, na kuma zane shi ba sau ɗaya ba. Shekara guda ina wanke masa mota, ina juya handul ɗin tayar da inji, ina bin taya da weji, wato guntun katakon da ake tokare ta da shi. Lorin tamu birkin hannunta ya riga mu gidan gaskiya tun kafin in zo, saboda haka wejin nan shi ne ranta.

Ran nan mun ɗauko buhunan gishiri, muka tsaya Tudun Wada, sai Haruna ya ce, "Malam, yau kai ne direba, ni ne karenka. Ka kai ta Doguwa lafiya, in kai ka Kano a yi maka gwajin lasin. Sharaɗi ɗaya: in za ka tsaya, ka taka birki, kada ka ɗaga ƙafa sai ka ji na ce weji ya zauna."

Na ce, "Haruna, ni fa na karance littafin injin nan kaf."

Ya ce, "Ita ba ta karanta ba, Malam." Ya zagaya ya maƙale a baya.

Wallahi na yi tuƙi. Na ƙetare rafi, na sa giya ta ɗaya, na kama hawa. Ina tsakiyar hawan sai ga surukina, Alaramma, zaune kan buzu a gindin tsamiya. Shi ne ya taɓa aiko mini cewa bai ba da 'yarsa ga karen kowa ba.

To, ni shekara ashirin ina hawan keke, ban taɓa gaida babba daga sama ba. Ƙafafuna suka yi abin da suka saba ba su nemi shawarata ba. Na tsaya, na fitar da giya, na buɗe ƙofa, na diro, na tuɓe takalma, na durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Yaya iyali?"

"Suna gaishe ku."

"Madalla. Yaya gajiya?"

Ina jin wani na kwarara ihu a bayana, amma mutumin kirki ba ya waiwaye yana gaida suruki. Sai da muka gama da damina da jama'ar Bebeji, sannan Alaramma ya leƙa ta saman kafaɗata, ya ce a natse, "Malam, ita motar taka, aikenta ka yi?"

Na juya. Ga lori tana komawa da baya cikin nutsuwa, ga Haruna a guje yana cusa weji tana tsallakewa. Ni ma na bi ta ba takalmi, ina cewa "Tsaya! Tsaya!" da muryar da nake tsawata wa 'yan aji biyu. Ba ta tsaya ba sai da ta zauna daram a cikin rafi, gishiri ya fara komawa ruwa.

Mutanen gari ne suka jawo ta da igiya, har da surukina, wanda ya ba da tasa gudummawar ta addu'a. An ce mako guda shanun Fulani suna lasar bakin rafin nan, wani Arɗo ma ya aiko yana tambayar yaushe zan sake zuwa.

Haruna bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙo mini wejin da hannu biyu, cikin ladabi, ya ce, "Malam, ka tuna ranar da ka yi mini bulala shida don na fita aji ba izini?"

Na ce na tuna.

"To, kai wata shida."

Sai bayan wata shidan na ga Kano. Na yi shekara goma sha tara ina tuƙi, kuma na koyi abin da babu shi a littafin injin: ladabi wajibi ne, amma suruki yana iya jira, lori ba ta iyawa. Daga ranar, ko wa na gani a kan hawa, hon nake danna masa in ɗaga hannu. Alaramma da kansa ya ce ya yafe mini durƙuso har abada.