Kan Dodo da Gadar Shugaba Fok

A duk ƙauyukan da ke bakin rafukan nan namu, babu wanda ya san ruwa kamar Shugaba Fok Yiu-tong. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma mutum ne da ba ya son musu. Gaskiya ne bai iya iyo ba. Gaskiya ne bai taɓa riƙe filafili ba sai ranar da aka ɗauke shi hoto. Amma ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana ƙera abin da ruwa ke bi ta cikinsa, wannan ma ai ilimi ne.

Masana'antarsa tana bakin gada. In ka tambaye shi me yake ƙerawa, sai ya ce, "Tangaran." Daga nan ya bar ka kana hango kofunan shayi da tulunan furanni. Tukwanen masai ne. Farare, na zama, masu sheƙi, kowace da sunan Fok a goshinta. Sana'a ce mai kyau, ta ciyar da gidaje da yawa a ƙauyenmu Sha Wan, kuma ba wanda ya taɓa jin kunyarta sai mai ita.

Wanda ya sa masa wannan ciwo yayan matarsa ne, Mak Bing-kuen, dattijon ƙauyen Pak Tau. Tun ranar ɗaurin aure bai taɓa kiransa da sunansa ba. A wajen biki, a wajen makoki, a kan teburin sabuwar shekara, kira ɗaya ne: "Mai Masai, matso ka ci." Fok ya sayi doguwar mota, bai canza zani ba. Ya rushe tsohuwar gadar dutse mai ƙusumbi, domin tana goge wa motar ciki, ya gina wa gari sabuwa, shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, aka rubuta Gadar Alherin Fok a jikinta. Mak ya zo ya taka ta, ya leƙa ƙasa, ya ce, "Ta yi kyau, Mai Masai. Ina wajen sakin ruwan?"

Sai Fok ya tuna da jirgin dodo, jirgin ruwan biki da ake ɗaura wa sassaƙaƙƙen kan dodo a goshi.

Kowace shekara, ranar biki, dogon jirgin Sha Wan kan je gaishe da na Pak Tau, domin na Pak Tau ne babba, tun kakanni haka ake. Baƙi kan iso kafin rana ta yi tsaka. Dattijon gari yana tsaye a kan matakalar bakin ruwa da lasifika, ya kira sunan jirgi da na mai jagorantarsa a gaban jama'a, sannan a ba da tuta da gasasshen alade, a zauna a ci shinkafa. Mai riƙe lasifikar kuwa Mak ne. Lissafin Fok bai da wuya: in ya shiga Pak Tau a tsaye a goshin jirgi, bakin nan da ya saba cewa Mai Masai dole ya buɗe ya ce Shugaba Fok, ƙauyuka suna ji. Ya nemi shugabancin kwamitin jirgi. Aka ba shi, domin aiki ne na sayen igiya da neman masu dafa abinci, kowa gudunsa yake. Ya haɗa da muƙamin babban koci, wanda babu shi a da.

Ranar tono jirgi daga laka, inda yake kwana duk shekara don kada katakonsa ya bushe, maza suka shiga taɓo har ƙirji. Shugaba ya sa aka shimfiɗa masa katako a gaɓa, ya tsaya a kai da fararen takalma.

"Jama'ar Sha Wan!" in ji shi. "Jirgi ba da hannu yake tafiya ba. Hannu kowa yana da shi, har biri. Jirgi da tunani yake tafiya." Ya taɓa goshinsa, ya jira maganar ta shige su.

Pun Hoi mai awara, wanda shi ne makaɗin jirgin, ya share laka daga bakinsa. "To ranka ya daɗe, miƙo mana tunanin mu ɗaura masa igiya. Abin nan ya ƙi motsi."

Shugaba ya yi murmushin manya. Ya san ƙananan mutane da barkwanci suke ɓoye sha'awar da suke yi maka.

Horo ya kankama. Da yamma matuƙa kan taso daga aiki, daga kasuwa, daga tafkunan kifi, su zauna bibbiyu su kama filafili. Shugaba bai shiga jirgin ba ko sau ɗaya. Ya ce koci na gaske daga nesa yake gani. Sai ya hau ɗan babur mai batir yana bin su ta gaɓa, lasifika a wuya, yana ƙirga "Ɗaya! Biyu!" Ƙirgarsa da gangar Pun Hoi ba su taɓa haɗuwa ba, ko da tsautsayi. Matuƙa suka bi ganga, suka bar masa ƙirgar, kowa ya samu abin yi.

Wata yamma jirgin ya shige bayan gidaje, Shugaba ya zagaya ta lungu, ya fito ya tarar da jirgi a gabansa, ya ci gaba da horo. Ya yi faɗa, ya gyara wa na baya zama, ya kira wani malalaci. Sai da rana ta kusa faɗuwa ya sallame su. Jirgin wani ƙauye ne. Washegari ya tara namu ya ce, "Jiya ne kawai na ga kun fara gane karatu."

Saura kan dodo. Ba a horo da shi. Yana ajiye a ɗakin kakanni, hannun Goggo Ngan mai shara da kunna turare, sai ranar biki ake ɗaura shi. Tsoho ne, ƙarami, hayaƙi ya baƙanta shi. Shugaba ya dube shi ya ce, "Wannan ai kan ƙadangare ne. Da wannan zan shiga garin surukai?" Ya aika wa wani masassaƙi a can nesa. Awo ɗaya ya ba shi: ya fi na Pak Tau tsawo. Da aka kawo, ya sa aka lulluɓe shi da jan ƙyalle, ya hana kowa leƙawa. Ya ce mamaki ma makami ne.

Kwanakin kafin biki aka yi ta ruwan sama, kamar yadda ake yi kowace shekara, rafi ya cika ya batse. Ranar biki da safe gari ya washe. Aka taru a gaban ɗakin kakanni, aka yaye ƙyalle.

Kai ne, babu ƙarya. Ƙahoni biyu masu ruwan zinariya sun miƙe sama kamar suna neman faɗa da gajimare. A ƙarƙashin leɓen dodon akwai wani baƙin tabo, daidai inda Shugaba yake da nasa. Jama'a suka dubi dodo, suka dubi Shugaba. Shugaba ya ce shi ma abin ya ba shi mamaki.

Aka ɗaura kan. Buɗe wa dodo ido da jan fenti aikin wanda ya fi kowa tsufa ne, amma Shugaba ya tausaya wa tsohon, ya karɓi burushin. Ya ɗiga a dama, ya ɗiga a hagu, nakiyoyin wasa suka tashi, dodo ya farka. Sannan, a karo na farko a rayuwarsa, aka riƙe masa hannu ya shiga jirgi. Ya tsaya a goshi, ya rungume wuyan dodo da hannu ɗaya, ɗayan ya nuna gaba.

"Yau tarihi zai buɗe baki!" in ji shi. "Ku tuƙa!"

Suka tuƙa. Ganga ta ɗauka, filafilai suka faɗa ruwa tare, jirgi ya miƙe kamar kibiya, har sai da suka sha kwana. Nan Pun Hoi ya daina kiɗa. Matuƙa suka kafa filafilai suka ja birki. Jirgin ya tsaya a hankali, hancin dodo ya shiga ƙarƙashin Gadar Alherin Fok, ƙahoninsa suka tsaya a waje, suna kallon sunan mai su.

Abin da ya rage bai kai taƙi ɗaya ba. Amma gada ba ta ciniki. Kuma babu wata hanyar fita babban kogi sai ita.

Wani ya ce a kwance kan, a wuce, a mayar. Goggo Ngan, da ta biyo su ta gaɓa da tsintsiyarta, ta leƙo daga kan gada. "A kwance me? Dodon da aka buɗe wa ido? Duk wanda ya sare masa kai yana kallo, ya nemi wata ta kunna wa ubansa turare, ba ni ba." Shugaba ma bai so ba; bai ga dacewar a cire wannan fuskar a bainar jama'a ba.

Wani ya ce a jira ruwa ya janye. Sai yamma, lokacin an gama cin aladen. Wani ya ce a ɗauke jirgin a ka. Jirgin da ya fi layin kasuwa tsawo, ta wane lungu zai juya? Aka gwada matsar da mutane gaba, goshi ya ɗan nutse, jirgi ya karkata, Shugaba ya yi wata ƙara da ba ta cikin jawabinsa.

"Kaya ake so," in ji Pun Hoi. "Abu mai nauyi da ba ya motsi, ba ya ihu. A jera daga gaba, jirgi ya zauna." Ya ɗaga kai ya dubi babbar ƙofar masana'antar da ke bakin gada. Kowa ya ɗaga kai ya dube ta.

Shugaba ya dubi rana. Ta yi sama sosai.

"Ku ɗauko tangaran," ya ce a hankali.

"Wane iri, ranka ya daɗe? Kofunan shayin ko tulunan furannin?" in ji Pun Hoi.

Aka buɗe ƙofa, aka yi layi, tukwane suka riƙa saukowa hannu zuwa hannu, farare tas, rana tana wasa a jikinsu. Aka jera su a tsakiyar jirgi tsakanin matuƙa, tun daga wuyan dodo har gindin ganga. Jirgi ya zauna. Kowa ya kwanta, Shugaba ya kifa ciki a ruwan da ya taru a ƙasa, aka tura da hannu a jikin siminti. Ƙahoni suka wuce suna gugar siminti, suka bar wa gada ɗan zanen zinariya.

Da suka fito, Shugaba ya tashi yana ɗiga. "Madalla. Dabarar ta yi aiki kamar yadda na tsara. Yanzu a sauke su."

Pun Hoi ya dubi dama, bangon gidaje. Ya dubi hagu, bangon gidaje. "A sauke a ina?"

"A zuba a ruwa!"

"Ba laifi. Da me za mu koma gida? Gadar tana nan tana jiranmu. Ta alheri ce, ba ta tafiya ko'ina."

Shugaba ya buɗe baki. Tunanin da ke tafiyar da jirgi bai zo ba. Pun Hoi ya buga ganga.

Babban kogi ba rafi ba ne. Igiyar ruwa ta fara dukan jirgin, Shugaba ya fara tangaɗi. Ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Ya riƙe wuyan dodo har hannunsa ya sage. A ƙarshe ya nemi wurin zama, kuma wurin zama iri ɗaya ne a goshin jirgin.

Haka suka shiga Pak Tau, rana na gab da tsaka. Gaɓa biyu cike da mutane, jirage na kai da kawo, tutoci na kaɗawa. Sai ga kan dodo mafi tsawo da aka taɓa gani a kogin, ƙahoni a goge, a bayansa fararen tukwane a jere cikin ladabi, a kan ta farko Shugaba Fok Yiu-tong a zaune, gwiwa a haɗe, wando a jiƙe. Ganguna suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Mak Bing-kuen yana kan matakala. Fuskarsa ba ta motsa ba. Sannan ya ɗaga lasifika.

"Jirgin Sha Wan ya iso," in ji shi, "ƙarƙashin jagorancin Shugaba Fok."

Fok ya gyara zama. Mak ya faɗi sunan. Da bakinsa ya faɗa, ƙauyuka suna ji.

Mak ya ci gaba: "Jama'a, ku taya ni gode masa. Tun zamanin kakanni baƙi ke zuwa nan su ci shinkafarmu, su ci aladenmu, su sha, su tafi. Yau ne muka ga baƙon da ya yi tunanin abin da zai biyo baya. Mai Masai, matso ka ci."

Ihun da ya tashi sai da ya kori tsuntsaye daga itatuwa. Mutane suka riƙa riƙe ciki, wani tsoho ya zame ya faɗa ruwa, aka tsamo shi bai daina dariya ba. Shugaba, daga inda yake zaune, ya ɗaga hannu a hankali yana amsa gaisuwa.

Har yau yakan ce a tarihin kogin nan babu jagoran da aka taɓa yi wa irin wannan tarba. A nan kam gaskiya ya faɗa.