Ranar da Na Gasa Daddawar Shekara Guda

Ko na manta komai na zamanmu a Landan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na gasa kabewa ba. Zamanin kuɗin mai ne, gwamnati ta turo maigidana karatu, muna zaune a wani ɗan flat a Lewisham. Sai ga yayarsa, Hajiya Yalwa, ta zo ganin likita. Ita ce tun kafin a ɗaura mana aure take cewa 'yar boko ba ta iya girki ba, shayi da burodi za su ƙarar mata da ƙane. Na ci alwashin sai ta janye maganar nan kafin ta koma Kano.

Sai likita ya ɓata mini shiri. Wai sukari ya yi mata yawa: ba tuwo, ba shinkafa, ba soye-soye. To me ya rage, jama'a? Maƙwabciyata 'yar Jamaika ta raka ni kasuwa, ta zaɓo mini wata kabewa mai dogon wuya kamar gora. Ta ce in fere, in yanka, in shafa ɗan mai da gishiri, in gasa a oven, in ajiye a gefen kifi.

Na ce, "Sannan in zuba a miya?"

Ta ce babu miya.

Kabewa babu miya? Ni dai taushe na san ana yi da ita. Na dawo gida kaina a ɗaure.

Tun da muka tare ban taɓa kunna oven ɗin nan ba. Kabad na mai da shi (ƙofarsa na rufuwa ruf, me ake nema kuma?). A can ƙasa na ɓoye kwanon daddawar da Inna ta ƙullo mini ta shekara guda, don kada warin ya kai wa Baturiya mai gidan. Na tura kabewa a sama, na kalli kwanon, na ce ai wuta sama take ci, kamar a murhu. Na rufe abina, na kunna wuta.

Wayyo ni! Kafin in gama gyara kifi wari ya cika gidan har matakala. Baturiya ta ƙwanƙwasa, hanci a toshe, tana tambaya ko ɓera ne ya mutu. Ni kuwa sai leƙa tukunyar kifi nake, na rasa daga ina. Hajiya ce ta shigo kicin tana tari, ta buɗe oven, ta jawo kwanon da tsumma. Daddawa ta zama gawayi.

"Amarya, a makarantar taku aka koya miki haka?"

Na ce, "Yaya, ni ma ban gane ba." Kunya kamar in nutse.

Yunwa ta sa ta ci kabewar, wadda ta sha hayaƙin daddawa har ciki. Ta cinye tas, ta ce, "Kai, wannan ta yi ƙamshin gida. Gobe ma haka za ki yi."

Da wace daddawar? Washegari na gasa yadda 'yar Jamaika ta ce, ta yi kyau, ja-ja-wur. Hajiya ta kai loma ɗaya, ta ture farantin.

"Dama na sani. Ta jiya sa'a ce."

Haka ta koma Kano da maganarta, ni kuma na shekara ina miya salam. Har yau, kafin in kunna duk wani abu mai ƙofa, sai na durƙusa na leƙa cikinsa. Jikokina na dariya. Su yi ta yi, ba daddawarsu ba ce.