Sandar Da Ta Dace Da Alhaji Sallau

Alhaji Sallau, wani darakta mai ritaya a Kaduna, ya tsunduma wasan golf da ƙarfinsa. Shekara uku a jere yana shiga gasar kulob ɗinsu, shekara uku yana riƙe da matsayinsa na ƙarshe, babu wanda ya isa ya ƙwace masa. Amininsa Kanar Gambo kuwa ya samu abin yi, duk inda aka taru sai ya tashi ya kwaikwayi bugun Alhaji, ana ta sheƙa dariya. Ran nan zuciya ta ɗebi Alhaji, ya rantse a gaban jama'a cewa in ya sake zuwa na ƙarshe bana, shi zai riƙa saɓa wa Kanar jakar sanduna har wata guda. Da ya koma gida ya huce, sai ya ga ya ɗauko wa kansa dala ba gammo. Darakta guda da jaka a kafaɗa, tsofaffin yaransa na ofis suna kallo! Sai aka ba shi labarin wani koci, Malam Iliya, mai auna ƙarfin jiki, ya kuma ɗauki bugun mutum da kyamara ya baje shi a kwamfuta.

Da ya je wurinsa, tun kafin su gama gaisawa Alhaji ya ce, "Malam Iliya, ni fa lafiyata ƙalau. Sandunan nan ne na banza. Ka dai duba ka gaya mini wadda ta dace da ni, in aika a sayo."

"To, ranka ya daɗe, bari mu fara da jikin. Sunkuya ka taɓa yatsun ƙafarka."

Alhaji ya sunkuya da nishi, hannu ya tsaya a gwiwa, tumbi ya ce nan ne iyaka. Aka ce ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya yi tangal-tangal ya rungumi kocin. Aka ce ya juya ƙugu, sai ya juya gaba ɗayansa har da takalma.

"Yaya ka gani?"

"Ma sha Allah, ranka ya daɗe. Ban taɓa auna irinka ba."

Alhaji ya ji daɗi, baki har kunne. Suka fita kan ciyawa, aka kafa kyamara. Ya gyara hula, ya ɗaga sanda, ya kai duka da iya ƙarfinsa. Ƙasa ta yi sama da ciyawarta, ƙwallo ko gezau. Ya sake, ya kuma sakewa. Cikin bugu talatin, sau huɗu ƙwallo ta motsa, ɗaya ma baya ta yi. Kafin a gama ya jiƙe sharkaf, gabansa kuwa ramuka sun jeru reras, mai kula da ciyawa yana can gefe ya ɗora hannu a ka.

Suka zauna gaban kwamfuta. Malam Iliya ya riƙa nuno bugun a hankali, yana jan layi ja da kore.

"Ranka ya daɗe, dubi nan. Kowane duka zurfinsa ɗaya, tazararsa ɗaya. Wannan baiwa ce. Gaskiyarka kuma, sandar ce ba ta dace da kai ba."

Alhaji ya buga cinya. "Ai na faɗa! Wallahi Kanar ya shiga uku. To wacce zan sa a sayo? Ta Dubai ko ta Ingila?"

Malam Iliya ya rufe kwamfutar, ya ce, "Ba sai an je nesa ba, ranka ya daɗe. Maƙera za a aika, a sayo maka garma."